Gamba da tabarmar tabki: abin da muka koya a bakin ruwan garinmu

 

Bara, cikin watan Oktoba, ɗiyata ta biyu da ke kwaleji ta dawo daga lakkwal ta ce mushensu na ilimin halittu ya ba su aiki: kowa ya zo da tsiro iri biyu, ɗaya mai fure, ɗaya marar fure. Na ce mata wannan ai ba aiki ba ne. Mai fure ki tsinko kan gamba, tunda yanzu take fidda kai. Marar fure kuwa mu je bakin tabki mu duba.

Abin da na ɗauka ba aiki ba ne ya cinye mana yini guda. Marar furen ba ta ba mu wuya ba, mun same ta shimfiɗe kan laka inda ruwa ya fara ja baya. Gamba ce ta gagara. Mun bi iyakokin gonaki har ƙafa ta gaji kafin muka iske gindi biyar ko shida a gefen gonar wani dattijo. Ni da na tashi a garin da kakata ke aiken mu yankan gamba bayan gida! Ran nan na koma gida jikina a sanyaye.

Daga wannan yinin ne maganar ta shiga taron ƙungiyarmu, har ta kai mu gaban mai gari. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku, ko wata ƙungiya ta ƙaru.

Kowane tsiro da danginsa

Yadda mutum yake da suna da zuri'a, haka masana suka jera tsirrai dangi-dangi. Suna duba abu uku kafin komi: shin tsiron yana da jijiyoyin da ke jan ruwa daga ƙasa zuwa sama? Yana yin fure? Yana yin iri?

Gamba ta cika duka ukun. Sunanta a littattafan masana Andropogon gayanus, kuma tun 1833 aka rubuta ta da wannan suna. Tana cikin babban dangin ciyawa da ake kira Poaceae, mai nau'i kusan 12,000 a duniya. Kada ku raina wannan dangi, don shi ke ciyar da mu. Hatsi, dawa, masara, shinkafa, alkama da rake duk ƴan gidan ne. Haka karangiya da ke manne mana a zane, da komayya, da kyasuwa, da noɓe. Kenan gamba da hatsin da ke cikin rumbu ƴan uwan juna ne. Dubi karansu mai gaɓa-gaɓa, dubi ganyen da ke rungume da kara, za ku ga kamar. Furen gamba ba irin mai launi ba ne da ke kiran zuma. Wannan kan mai gashi fari-fari da iska ke kaɗawa, shi ne furen, kuma iska ce ke yi masa barbara.

Inda gamba ta bambanta da hatsi da karangiya shi ne ita ba ta mutuwa da rani. Su shekara guda suke yi, sai iri ya tashe su baɗi. Ita kuwa samanta ya bushe, gindinta na nan da rai yana jiran ruwa.

Ɗayar, wadda muka kankaro daga laka, ba ta da ko ɗaya cikin ukun nan. Mu dai gansakuka muke ce wa duk wani kore-kore da ya fito a wuri mai laima. Mushen ya nuna wa yara da madubin ƙara girma cewa abin da muke haɗawa da suna guda ya kasu. Akwai mai yauƙi kamar zare da ke yawo cikin ruwa. Akwai mai ƙananan ganye tsaye kamar gashin darduma, irin ta gindin randa da jikin bango. Sannan akwai wannan tamu, wadda take kwance shafe da ƙasa, kore, da rassa masu rabuwa biyu-biyu, suna yin da'ira kamar ƙaramin faifai. Faɗinta bai cika wuce kwabon dala ashirin ba.

Sunanta Riccia, ana karanta shi Riksiya. Da na faɗa a taro, ma'ajiyarmu ta ce: "Wace rikici kuma?" Aka yi ta dariya. Tun daga ran nan muka sa mata namu suna, tabarmar tabki, kuma da shi zan ci gaba da kiranta.

Babban danginta shi ne Marchantiophyta, mai nau'i sama da 7,000, kuma gidan Riccia kaɗai ya haura nau'i 150. Turawa suna kiran dangin da sunan da ya samo asali daga kalmar hanta, don wasu daga cikinsu sun yi kama da hanta a siffa. Mutanensu na da can sun zaci maganin ciwon hanta ne saboda kamar kawai. Na faɗi wannan ne don kada wata ta ji sunan ta je ta jiƙa ta ba yaro. Ba magani ba ce. Mai ciwon hanta likita zai gani.

Masana sun ce dangin tabarmar tabki na cikin tsirran farko da suka fara zama a kan tudu, shekaru wajen miliyan 470 da suka wuce, tun babu ciyawa ko ɗaya a doron ƙasa. Kenan wannan ƴar abar da muke takawa ba mu sani ba, ita ce tsohuwa. Gamba mai tsawo yarinya ce a gabanta.

Yadda kowace ke sha da yadda take haihuwa

Gamba tana iya kai mita 3, wani wuri ma ta wuce. Abin da ke riƙe da ita yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta iri uku ce. Akwai sirara da ke bazuwa kusa da sama, su ke cafke ruwan yayyafi. Akwai masu kauri kamar igiya da ke ajiye abinci, su ke kafe gindin. Akwai kuma masu nutsawa ƙasa neman laima. Ga asusunta ke nan. Da damina tana zubi, da rani tana cin abin da ta tara. Shi ya sa da ruwan farko ya sauka, kafin karangiya ta tsiro, gamba ta riga ta yi kore, a daidai lokacin da bisashe suka fi jin yunwa.

Tabarmar tabki ba ta da saiwa ta gaskiya. Ƴan gashi ne sirara a ƙarƙashinta da ke manne ta da ƙasa. Ba ta da jijiyar jan ruwa sama, don haka ba ta iya tashi tsaye. Da jikinta take sha, kamar yadda tsumma ke shan ruwa. In wuri ya bushe, wasu nau'o'inta sukan naɗe gefensu su yi fari ko baƙi-baƙi kamar sun mutu. A yayyafa musu ruwa, ba a jima ba sai su buɗe su koma kore. Mun gwada wannan a cikin murfin kwano, yara suka kewaye suna kallo.

Wajen haihuwa ma hanya ta rabu. Gamba tana yin iri, iska ta ɗauke shi, ko kuma a tsaga gindinta a dasa. Tabarmar tabki ba ta da iri. Ƙwayar namiji sai ta yi iyo cikin ɗan ruwan da ya kwanta a jikin tsiron kafin ta kai ga ta mace. In babu wannan ruwan, babu haihuwa. Daga nan sai wani ɗan ƙunshi ya yi a cikin naman tsiron, cike da ƙwayoyi ƙanana kamar ƙura. Idan tsiron ya bushe ya ruɓe, ƙwayoyin su zube cikin laka su kwanta har wata damina.

Ku riƙe wannan, don a kansa maganar kiyayewa ta tsaya: ajiyar gamba tana cikin gindinta, ajiyar tabarmar tabki tana cikin fatar ƙasa ta sama, wadda ba ta fi kaurin yatsa ba. Wanda ya tumɓuke gindi ya kashe gamba. Wanda ya kwashe laka ya kwashe tabarmar tabki da ɗiyanta na baɗi.

Inda kowace ke zama

Gamba ƴar Afirka ce, daga Senegal har Sudan, har ƙasashen kudu. Tana son rana, tana jure fari na watanni da yawa, kuma ba ta da zaɓen ƙasa: jigawa, geza, har ƙasar da ta gaji. Ta fi jin daɗi inda ruwan shekara ya kai milimita 400 zuwa sama, shi ya sa ta fi yawa a kudancin Maraɗi, kudancin Damagaram, Dosso da gandun dajin W, tana raguwa in aka nufi arewa. Abin da ba ta so shi ne a yi ta cinye ta ƙasa-ƙasa ba hutu.

Tabarmar tabki kuwa gidanta ƙanƙane ne. Tana son fili tsirara mai laima: bakin tabki inda ruwa ya ja, gefen fadama, ƙasan kurmi inda inuwa ke riƙe sanyi, ko ɗan kwari da ruwa ke kwana biyu. Lokacinta gajere ne, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Ba ta iya gasa da dogayen ciyayi, in suka rufe ta sai ta ɓace. Rairayi ma in ya binne ta, shi ke nan.

A kan ƙasar da ba a cika takawa ba, ita da sauran ƙananan halittu sukan yi wata fata mai rai da ke ɗaure ƙwayoyin ƙasa, iska ba ta kwashe su da sauƙi. Kada a haɗa wannan da faƙo. Faƙo mataccen wuri ne mai tauri da ruwa ke gudu a kansa. Fata mai rai takan yi duhu ko kore in an zuba mata ruwa.

To kun gani, ɗaya ta tudu ce, ɗaya ta bakin ruwa. Da farko mun ɗauka babu abin da ya haɗa su. Ashe akwai, kuma zan zo kansa.

Gamba a ƙasar wasu

Wani abin mamaki: gambar da muke nema ido rufe, a wata ƙasa yaƙi ake da ita. An kai ta Ostareliya cikin shekarun 1930 don kiwon shanu. A arewacin ƙasar ta samu wuri ta bazu cikin daji, ta fi ciyawarsu tsawo da kauri nesa ba kusa ba. In gobarar daji ta tashi, wutar gamba takan yi ƙarfin da ke cinye manyan itatuwa. A 2008 hukumomin arewacin ƙasar suka sa ta cikin mugayen ciyayi, a 2012 kuma ta shiga jerin waɗanda ƙasar baki ɗaya ke yaƙa. Har yau da sunanmu na Hausa suke kiranta, gamba.

A Kolombiya da Barazil kuwa maraba aka yi da ita. A 1980 suka fitar da ita ga makiyayansu a matsayin ciyawar shuka, kuma irin da suka yi aiki da shi daga Shika ya fito, kusa da Zariya.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne, tsiro ba ya zama alheri ko masifa sai an dubi inda yake. A wurinmu akwai mai yanka, akwai mai saƙa, akwai bisashe, don haka gamba ba ta fin ƙarfin kowa. Mu ma mun san zafin ciyawar da ta mamaye wuri, ga garmani nan, wadda wasu ke kira hatsin Makka, ta cinye mana burtali da makiyaya, dabba ba ta damu da ita ba. Kuma in an duba duniya duka, gamba ba ta cikin haɗarin ƙarewa. A garinmu ne take ƙarewa. Mai zana a Maraɗi ba ta amfana da gambar Ostareliya.

Mi ya cinye tamu?

Na tambayi tsofaffin ƙungiyarmu, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Farin 1973 da na 1984, wanda iyayenmu ke kira El Buhari, sun kashe gindi da yawa. Bayan nan mutane suka ƙaru, gonaki suka haɗe, saura ta ƙare. Da can ana barin gona ta huta shekaru, gamba ta dawo da kanta. Yanzu wa ke da gonar da zai bari? Iyakar gona da ake barin gamba a kai don shaida, kowa ya matsa da garma taƙi ɗaya, taƙi ɗaya, har ta zama siririn layi.

Sai kuma mu kanmu. Mu faɗi gaskiya. Muna yanka tun ba ta zubar da iri ba, don kada wata ta riga mu. Muna yanka har ƙasa. Da bazara in abincin bisashe ya yanke, akwai masu sa hauya su haƙo gindin gaba ɗaya. Ga masu amalanke da ke share daji su kai birni. Dokar kiwo ta 2010 ta tsara yadda za a kwashi ciyawa don sayarwa, amma doka ba ta tsaron wuri in mutanen wurin ba su tsaya ba.

Asarar kuma a kanmu take faɗawa. Zanan darni, zanan rumbu, jinkar ɗaki, rumfar da muke zaman zubi a ƙarƙashinta, duk gamba ce. Mace nawa cikinmu ta ɗauki bashin asusu don sayen zana da uwarta ke saƙawa kyauta? Darnin kara shekara guda ya zube. Gidan da darninsa ya faɗi, matar gidan ce ke rasa sutura.

Ita tabarmar tabki, masu cinye ta daban ne: masu bulo da ke kwashe lakar baki, garken da ke tattake gefen ruwa ta ko'ina, noman rani da ake kaiwa har cikin ruwa, leda da shara, da kuma rairayin da kwararo ke kawowa daga gonaki yana cike tabkin.

Mai kuɗi da marar kuɗi

Da na kawo maganar a taro, wata babbar yayarmu ta ce: "Shugaba, gamba na ji, kuɗi ce. Amma wannan ta bakin ruwa, a ci ta ake ko a sayar? Mi ya dame mu da ita?"

Tambayarta daidai ce, kuma ba zan yi muku ƙarya ba: ba a ci, ba a sayarwa, akuya ma ba ta kula ta. Gamba tana da masu kare ta don tana da farashi. Tabarmar tabki ba ta da kowa. Ko a wajen masana, manyan itatuwa da namun daji aka fi ƙirgawa, irin waɗannan ƙanana ba a cika bin sawunsu ba, balle a ƙasashenmu. Tana iya ɓacewa daga gari ba wanda ya sani.

Amsar da na ba ta ita ce: ba don ita kaɗai ba ne, don wurin da take zaune ne. Ba ta rayuwa sai inda laka ke riƙe laima kwanaki, inda rairayi bai binne ba, inda ba a kwashe fatar ƙasa ba. Wannan wurin kuwa shi ne tabkin da muke shayar da bisashe, muke ban ruwan lambu, muke samun yumɓun tukwane. Ranar da muka zagaya tabki ba mu gan ta ba, a wurin da muka saba ganinta, to tabkin ne ke gaya mana wani abu. Kamar zazzaɓin yaro ne, ba shi ne ciwon ba, amma shi ke sa uwa ta tashi tsaye.

Ƙasarmu ta sa hannu kan yarjejeniyar Ramsar ta 1971 mai kare wuraren ruwa, kuma a 2005 aka sa tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi a jihar Tawa, da na Lasuri a jihar Damagaram, cikin jerinta. Amma ƙananan tabkunan ƙauye irin namu ba su cikin jerin kowa. In ba mu ba, babu mai duba su.

Kuskuren da muka kusa yi

Da zafinmu muka yanke shawara mu dasa gamba kewaye da tabki, har bakin ruwa, mu huta. Ɗiyata ce ta ce: "Inna, in kun rufe laka da gamba, ina tabarmar za ta zauna? Ai mushe ya ce ba ta son a rufe ta." Na yi shiru. Yarinya ta yi gaskiya. Da mun kashe ɗaya garin ceton ɗaya.

Muka koma muka bi wurin da ƙafa, daga bakin ruwa zuwa tudu, muna bin sawun rairayi. Nan muka ga abin da ya haɗa su. Rairayin da ke binne bakin tabki daga gonakin sama yake gangarowa, ta inda da can layukan gamba suke tare shi. Da gamba ta tafi, ƙasa ta samu hanya. Kenan wurin gamba yana sama, a gicciye da gangare, ba a bakin ruwa ba. In ta tsaya can ta riƙe ƙasa, ruwa ya sauko a hankali, laka ta zauna, tabarmar tabki ta samu wurinta. Ba mu muka fara gano amfanin layin gamba ba: a cibiyar binciken noma ta Sadore, kudu da Yamai, an gwada shi wajen tare ƙasar da iska ke kwasa.

Ɗaya tana son hannu, a dasa ta, a tsare ta, a yanke ta da ƙa'ida. Ɗaya kuma abin da take so kawai a ɗauke mata hannu da ƙafa. Kiyayewa ba iri ɗaya ba ce.

Abin da muka yi, wanda kowace ƙungiya za ta iya

Na farko, magana kafin dashe. Yawancinmu gamana muke nomawa, ba gonarmu ba ce ta kanmu. Gamba kuma tsiro ne mai daɗewa, dasa ta a iyaka yana iya zama kamar kafa shaida, ya ta da rigima. Sai da muka zauna da mazajenmu da maƙwabtan gona, sannan muka je wurin mai gari da kwamitin filaye na gari, wanda tsarin dokar karkara ta 1993 ya tanada. A rubuta a takarda: wa ya ba da wuri, wa zai yanka, yaya za a raba. Kada a yarda da "ai mun yi magana".

Na biyu, dashe. Cikin Yuli zuwa farkon Agusta, bayan ruwa mai kyau, a samu babban gindi a tsaga gefensa, a bar uwar a wurinta. Kowane tsagi ya zo da saiwarsa, a rage masa ganye, a dasa a layi, taƙi guda ko ƙasa da haka tsakani, a danne ƙasa sosai. Dattijon nan mai gindi shida shi ya ba mu na farko, Allah ya saka masa. Ana iya shuka iri ma, a tara shi cikin Oktoba da Nuwamba in kai ya bushe, a ajiye a buhu wuri marar laima. Sai dai ba duka ke tsirowa ba, kuma ba a binne shi da zurfi. A faƙo kuwa, bakin rabin wata wuri ne mai kyau gare ta, kamar yadda ƴan uwanmu na jihar Tawa suka daɗe suna yi.

Na uku, haƙuri. Shekarar farko ba yanka, ba kiwo. Daga ta biyu a yanka bayan iri ya zuba, a bar kamar taƙin hannu guda a ƙasa. A kowane layi a bar wasu gindi ba a taɓa ba. Hauya kuwa haram a gindin gamba, kuma mun sa tara a kai kamar tarar makara a zubi.

Na huɗu, bakin ruwa. Mun roƙi mai gari aka ware wa masu bulo gefe guda, aka bar mashayar bisashe inda take tun da, don makiyayi ma yana da haƙƙinsa ga ruwa, ba mu zo tare wa kowa hanya ba. Gefe guda kuma aka ce a bar shi haka nan, ba haƙa, ba noma, ba shara. Bai fi tsawon igiyar guga uku ba. Ba kowa ya ji daɗi ba, kuma har yanzu mukan iske sawun amalanke a wurin wani lokaci. Sai mu koma mu sake magana.

Na biyar, rubutu. A bayan kayen asusu mun buɗe shafi. Duk watan Oktoba mata biyu su zagaya su rubuta gindin gamba nawa ya rayu, kuma a wane gefe aka ga tabarmar tabki. Wannan shi ne amfanin karatun manya da muka yi. Cikin abin da muka dasa, wasu sun kama, wasu awaki sun cinye, wasu fari na tsakiyar damina ya kashe. Ba mu saƙa zana ko ɗaya ba tukuna. Amma layin yana nan, kuma rairayi ya fara taruwa a bayansa, kowa na gani.

Wata za ta ce wannan ya fi ƙarfin mata. To ku tuna, da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da ƴan kuɗin cefane aka fara, yau ga inda tsarin ya kai, har ƙasashen waje sun ɗauka. Ku tuna da sassabin zamani, yadda barin ƴan tsiron itace a gona ya mayar da itatuwa a Maraɗi da Damagaram bayan an ce ƙasar ta mutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu ba hannu ɗaya ba ne.

Roƙona gare ku, kafin tabkuna su ƙafe bana, kowace ƙungiya ta fidda mata biyu ko uku, su ɗauki yaro mai ido su je bakin ruwa da safe. Ku durƙusa ku duba laka da kyau. In kun ga ɗan faifai kore mai rassa biyu-biyu, ku rubuta wurin. Sannan ku ɗaga kai ku dubi tudu, ku ƙirga gindin gamba nawa ya rage tsakaninku da gonaki. Ku tambayi tsofaffinku ko suna da wani suna da suke kiran wannan ƴar tabarma da shi a yankinku, ku aiko mana ta hannun mai kawo jarida, don mu ma mu sani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a asusunmu.